Namadi Mai Albasa

"Tun hantsi muke yawo cikin Kebbe, ƙafata ta kumbura, kuma ba wanda ya san marubucin naki," in ji Maryama.

Ɗiyarta Kausar ta yi rau-rau da ido. Jibi za ta kai aikin ƙarshe a kwaleji, kan marigayi Namadi mai rubuta wasan rediyo. An ce ta ga gidansa da lambunsa da littattafansa, in ba haka ba sai baɗi. Shi ya sa uwar ta bar tuyar ƙosai a Tambuwal ta rako ta.

Maryama ta tari wani mai babur. "Ɗana, akwai wani Namadi da ya rasu ya bar lambu?"

"Namadi mai albasa? Ai da haka kuka ce. Bi bakin fadama."

Ba furanni a lambun kamar yadda Kausar ta zata. Fangalin albasa ne da tsohon mangwaro, wata tsohuwa na cirar ciyawa. Kausar ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Uwar ta buge mata hannu, ta durƙusa ta yi gaisuwa har da ta'aziyya, shekara tara bayan rasuwa, ta ja Fatiha.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. "Masu zuwa da yawa, ɗiyata. Hoton icce suka ɗauka su wuce. Ni ce Atu, matar shi."

Ta kai su gida, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu irin na 'yan makaranta ne cike, suna warin albasa.

"Can gindin mangwaro shika zama da biro, ni nika ban ruwa. In na yi mai faɗa sai shi yi dariya shi rubuta. Allah shi isar mani da biro."

Maryama ta san muryar nan. Tana budurwa, duk Laraba sukan kewaye rediyo don jin Inna Tsawa, matar da ke korar miji da muciya, gari ya yi ta dariya. Har "Allah shi isar mani da biro" ta wasan, yanzu ta fito daga bakin Atu.

Kausar ta miƙa hannu ga littafin sama, Atu ta dafe shi.

"Za ki kwashi abin da kika so. Amma ni ban yi boko ba, rediyo kuma Namadi ya hana ni saurare. Mata na ganina a kasuwa suna murmushi, shekara talatin, ba wadda ta gaya mani dalili." Ta juya ga Maryama. "Ke mai tsoron Allah ce, na gani. Kin ji wasan ko?"

"Na ji, Inna."

"To kafin yarinya ta buɗe, gaya mani. Mi ya ce a kaina?"