Baba Badamasi Ya Tsince Faifai

A unguwar Hausawa ta New Bell, duk wanda aka taɓa yi wa suna ko aure, hotonsa yana shagon Bilki. Mahaifinta ne ya buɗe shagon tun zamanin kaset, ya rasu ya bar mata shi. Ita kuwa ta yi karatun kwamfuta, sai ta juye kaset ɗin nan kaf cikin wani inji mai kama da ƙaramin firji, wanda take kira serveur. Ba a daɗe ba ambaliya ta shigo shagon ta gama da kaset ɗin. Abin da ya rage duk yana cikin injin, a kan faifai huɗu da ke jere a cikinsa kamar durowa.

A cikin abin da ya rage akwai bidiyo guda ɗaya tak na Goggo Rakiyatu, ƙanwar mahaifin Bilki, wadda ta rasu bara. Babu wani wuri a duniya da muryarta ta saura sai nan. Bilki kullum tana yi wa masu zuwa shagon huɗuba su riƙa ajiye kwafin hotunansu a gida, amma ita kanta ba ta taɓa kwafe wannan ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Mijin marigayiyar, Baba Badamasi, tun yana saurayi ya zo daga Aliero, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan buhunan albasa a kasuwar Sandaga. Da gwiwa ta hana shi kasuwa, sai ya mai da shagon Bilki wurin zamansa. Kullum da hantsi zai ja kujera kusa da injin ya zauna, ya ce iskar fanka ya biyo. Kowa ya san ƙarya yake yi, don fankar tana can ɗaya kusurwar. Bai taɓa yarda an kunna masa bidiyon ba. In Bilki ta yi masa tayi, sai ya ce sai ya shirya.

Wata Talata da safe injin ya fara ƙara kamar ɗan tsako, ɗaya daga cikin fitilunsa ta koma ruwan goro. Baba ya tambayi lafiya. Bilki ta yi masa bayani a tsaye, tana neman jakarta: faifai ɗaya ya lalace, amma kada ya damu, an tsara su ne yadda in ɗaya ya mutu ukun za su riƙe komai har a sa sabo. In dai biyu ba su tafi tare ba, babu abin da zai ɓata. Za ta je unguwar Akwa ta sayo sabo, shi dai ya kula mata da shago.

Baba bai ji ƙarshen bayanin ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne ɗaya ya lalace kuma yana nan tare da 'yan'uwansa. A Sandaga, wanda ya ga albasa ɗaya ta lalace ya bar ta a buhu ya tafi yawo, ba a kiransa ɗan kasuwa.

Tafiyar Bilki ta ja, don a Akwa sai da ta zaga shaguna kafin ta sami irin wanda take so. Da azahar ta sauko daga kan bensikin, wato babur ɗin haya, hadari ya haɗu ta wajen Bonabéri, iska ta fara kaɗa ledoji a kwata. Tana shiga ta ji shagon tsit. Injin a kashe, cikinsa wayam, ramuka huɗu suna kallonta. Baba yana zaune da fara'ar wanda ya gama aikin alheri.

"Baba, ina faifan?"

"Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Ɓarnar ta fi yadda kika zata, amma na ceto miki guda."

Ya sa hannu a aljihun jamfarsa ya fito da wani abu naɗe cikin hankici, ya warware a hankali.

Ya yi mata bayanin aikinsa dalla-dalla, kuma a gaskiya aikin yana da tsari. Da farko ya kashe injin, don tun ranar da injin niƙa ya cinye masa kan ɗan yatsa ba ya sa hannu a abin da ke motsi. Sannan ya zaro su duka ya jera. Ya latsa su, babu mai laushi. Ya shinshina, babu mai wari. Sai ya koma ga abin da ba ya yi masa ƙarya, ya ɗora bayan hannu a kan kowanne. Albasar da ta fara ruɓewa ita ke ɗaukar zafi a buhu, wannan ko ɗan koyo ya sani. Uku ya ji su da ɗumi rau, ɗaya kaɗai ya ji da sanyi lafiya lau. Shi ne ya killace.

Bilki ta dubi faifan da ke cikin hankicin. Sanyinsa na mutuwa ne, tun asuba ya daina juyawa. Ta buɗe baki da Faransanci, ta tuna da wa take magana, ta haɗiye. Mutum ba ya yi wa mijin goggonsa tsawa, ko da kuwa garin neman gira ya tsone ido.

"Ukun fa, Baba?"

"Suna baranda a kan tire, suna shan iska. Ba a zubar da kaya, wani lokacin in sun sha iska sukan farfaɗo."

Ta fita da gudu ba takalmi. Tiren yana nan a bakin baranda, ɗigon farko na ruwa ya fara sauka a gefensa. Faifai biyu ne a kai. Ta rungume su a ƙirji tana waige-waigen na ukun, don biyu da babu duk ɗaya ne.

Na ukun yana ƙofar gaba, a kan teburin Khaulat mai ƙosai. Iska ce ta dami takardun da take naɗe ƙosai da su, ta waiga ta ga ƙarfe mai nauyi an yar a tire, ta ɗauka ta danne. Har ta yaba da shi, ta ce in akwai wani a ba ta. Bilki ta karɓe shi yana naso da mai, ta goge da gefen mayafinta, ta koma ciki daidai lokacin da ruwan ya ɓarke.

Sai da ta mai da ukun ramukansu sannan ta gaya wa Baba gaskiya, a hankali, ba ta dube shi ba. Ta ce wanda ya killace shi ne mataccen, kuma in ɗaya cikin waɗannan ukun ya ƙi tashi, Goggo ta tafi ke nan gaba ɗaya. Baba ya ninke hankicinsa, ya sake ninkewa, har ya zama ɗan mitsitsi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar da Goggo ta cika a asibiti.

Ta kunna. Injin ya yi gurnani, ya daɗe yana tunani. Fitila ta farko ta yi kore, ta biyu ta bi ta. Ta ukun, mai man ƙosai, ta yi ta ƙifta ido kamar mai shawara, sannan ita ma ta tsaya a kore.

Aiki bai ƙare ba. Ta zura sabon faifan, injin ya ƙi karɓarsa, wai bai san irinsa ba. Dole sai an sabunta manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, abin da Bilki ke kira mise à jour. Ta gargaɗi Baba cewa in wuta ta yanke ana tsakiyar wannan, injin zai iya mancewa da kansa ma. Ya gyaɗa kai da ladabi. Ana tsaka da yi aka kira la'asar, ya miƙe ya ɗauki buta, hannunsa ya nufi babban makunnin da ke bakin ƙofa, don a rayuwarsa bai taɓa fita salla ya bar wuta tana ci a banza ba. Sabo turken wawa. Bilki ta cafke hannun rigarsa, suka tsaya suna kallon juna.

Da ya dawo daga masallaci, ya zauna ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, bai sake fito da su ba. Injin ya karɓi sabon faifan, ukun suka shiga juye masa abin da ke cikinsu. Gab da magariba fitila ta huɗu ta yi kore. Abu na farko da Bilki ta yi shi ne kwafe bidiyon Goggo a wuri biyu.

"Kunna mini," in ji Baba.

Bikin wata 'yar'uwarsu ne, a tsakar gidan da yanzu aka rushe. Mata suna kai da kawo da manyan tukwane. Can sai ga Badamasi da baƙin gemu ya matso, ya leƙa cikin kyamarar, ya ga kamar akwai ƙura a gilashin, ya miƙo babban yatsa zai goge. Hoton ya yi duhu. Daga bayan duhun murya ta fito, tas, kamar tana cikin shagon.

"Malam, cire hannunka. Wannan ba albasa ba ce."

Bilki ta toshe baki. Baba ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa, hawaye yana bin gemunsa, bai share ba don hannayen suna inda ya ajiye su.

"Mayar da shi baya," ya ce. "Ta sake faɗa."