Inda Yatsan Baba Yake Zama

Auta na zaune a bencinta na gyaran agogo, gilashi manne a ido, Yayanta ya faɗo shagon ko sallamar kirki babu. Ya dire agogon Baba a gabanta, ya dire gwangwanin man goge ƙarfe kusa da shi.

"Ki goge shi tas, ya dawo kamar yau aka saya," in ji shi. "Kwana uku ke nan Baba bai sa komai a bakinsa ba."

Ga abin da ya faru. Baba, wanda shi ya koya wa Auta wannan sana'a a kan wannan benci, tsufa ya cinye masa tunani. Shekara guda ke nan bai kira sunan kowa ba, amma agogonsa na tagulla bai taɓa ɓace masa ba. Gumi ya sa agogon ya soma fitar da kore, koren ya ɓata masa hannu har fatar ta yi ƙaiƙayi. Yaya kuwa, mutumin da ko cokali ya gani ya dushe sai ya yi faɗa, ya cire masa agogon ya sayo sabo mai ƙyalli. Baba ya yi jifa da sabon, ya juya wa abinci baya.

Auta ta ture gwangwanin da bayan hannu.

"Yaya, wannan ka kai wa mariƙin ƙofarka. In na goge agogon nan ya yi ƙyalli, wallahi shi ma jifa zai sha."

"To dattin fa?"

"Ba duka ne datti ba. Zauna ka gani."

Ta san aikinta, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Tagulla kala biyu take yi in ta tsufa. Akwai duhun nan mai ruwan ƙasa, wanda shekaru suke shimfiɗawa a hankali, shi ne ma yake kare ƙarfen. Akwai kuma koren da gishirin gumi yake tarawa a lungu, mai ɓarɓashi, shi ne mugun. Agogon Baba shekara talatin yana tara duhunsa, sai wuri ɗaya kusa da abin wani, ɗan maɓallin da ake murɗawa, inda ya yi haske sumul, daidai faɗin babban yatsa. Nan Baba yake murzawa in yana tunani. Tun tana ƙarama take ganinsa yana yi.

Ta cire maɗaurin fata ta ajiye gefe. Ta matse abin wanin don kada ruwa ya shiga, ta tsoma buroshin haƙori mai laushi a ruwan sabulu, ta bi jikin agogon kamar mai wanke jariri. Sannan ta ɗauki tsinken sakace, ta dangwali ɗigon lemon tsami, ta shiga bin koren ɗaya bayan ɗaya a gindin kunnuwan da maɗauri yake shiga. Duk inda ta taɓa, nan take ta bi da danshin tsumma, don lemo in ya daɗe har duhun yake ci.

Yaya ya leƙo ta kafaɗarta. "Kai, Auta! Awa guda kina tsinke-tsinke, ni ban ga abin da ya canza ba."

"Madalla. Abin da nake nema ke nan."

Ta busar da shi sarai, ta shafa masa kakin zuma kaɗan don gumi ya daina kama shi, ta mayar da tsohon maɗaurin bayan ta goge cikinsa. Sabon maɗauri ma ta ƙi sawa. Ta rufe shago da rana tsaka, suka nufi gida.

Baba na kan kujerarsa ta bakin taga, kwanon abinci a rufe a gefensa. Ya rame. Auta ta matsa kusa da shi. Ta durƙusa ta sa masa agogon a tafin hannu.

Ya juya shi. Ya kai shi kunne. Babban yatsansa ya lalubo, ya sauka a wurin nan mai haske, ya soma murzawa. Daga nan ya ɗaga agogon wajen hasken taga, ya kanne ido ɗaya kamar yana kan benci, ya duba gindin kunnuwan ɗaya bayan ɗaya.

"Baiwar Allah," ya ce mata, yadda yake kiran duk macen da ta shigo ɗakin, "wa ya yi aikin nan?"

Yaya ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ya yi kyau, Baba?"

"An cire kore, an bar duhu." Ya jinjina kai. "Hannun Auta ne wannan. Ita kaɗai na koya wa inda ake tsayawa. In kin gan ta, ki ce na ce ta iya."

Hawaye suka zubo mata, daɗi da ciwo a haɗe, ba ta kuma share su ba.

"Zan gaya mata, Baba," ta ce.

Ta ɗaura masa agogon a rami na uku na maɗaurin, inda fatar ta riga ta lanƙwashe. Ya miƙa hannu ya buɗe kwanon.