Idon Nas a Gonar Wiwi

Shekara talatin da ɗaya Lorna Tibbets ta yi tana aikin nas a wata makarantar gwamnati a Ohio, daga 'yan firamare masu majina har samarin sakandare masu gemu. A duk shekarun nan babu yaron da ya shigo ɗakinta da jajayen idanu ya fita ba ta kira iyayensa ba. Sai ga shi 'yarta tilo, Gwen, ta tsallake duk mazan Ohio ta je ta auri manomin wiwi a tsaunukan Humboldt. Ikon Allah! Da mijin Lorna ya rasu gida ya yi mata faɗi, Gwen ta yi ta naci a waya har ta haɗa akwati biyu ta zo. Gonar mai lasisi ce, kowace bishiya da lambar gwamnati ɗaure a gindinta, amma duk da haka sai da Lorna ta yi mako guda tana wanke hannu da sabulu in ta taɓa ƙofar rumbu.

Ita kuwa ba ta iya zaman banza ba. A mako na biyu ta ja kujera a teburin aski, inda ake zama da ƙananan almakasai ana gyara furen da ya bushe, ta ce a ba ta aiki. Nan ta gano cewa da shekararta sittin da uku ba ta jin yaren gidan da take kwana a ciki.

"Mama, duba nan," in ji Cedar, mijin Gwen, mutum mai haƙurin koyarwa. "Manyan ganyen nan mafici muke ce musu, zubarwa ake yi. Ƙananan da suka yi fari-fari, ganyen sukari, su je wannan kwanon. Ƙyalƙyalin nan na jikin fure raɓa ce, don ita ake duk wahalar nan, kada ki murje ta. Ƙananan furanni gugguru. Abin da ya zube a ƙasan tire kuma diddiga."

"Baƙin danƙon nan da ya liƙe min a almakashi fa?"

"Wannan rabon mai aski ne, Mama. Naki ne halak malak."

"Allah ya kiyaye," in ji Lorna, ta goge shi a tsumma. Gwen ta yi dariya har da buga tebur.

Ranar da suka sauka garin Garberville cefane ta sayi ɗan littafi mai jan bango. Duk kalmar da ta ji sai ta rubuta, da irin rubutun nan nata na nas, ƙanana a jere. Uwa: bishiyar da ake yankar rassa a jikinta a dasa. Gyatsa: buɗe kwalaben fure kullum su sha iska a rufe. Manne-kujera: irin da in mutum ya sha ba ya iya tashi ko gobara ake. Ba ta taɓa kai abin bakinta ba, ba ta kuma da niyya, amma ta ƙi jinin a yi magana a gabanta tana zare ido.

Mutum ɗaya ne littafin nan ya tsone wa ido, wato Orval Haskett, mahaifin Cedar. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da shida, dogo, da farin gemu har ƙirji. Ya hau tsaunin nan tun zamanin da ake noman a ɓoye a ƙarƙashin itatuwa, ana kwanciya a ciyawa in jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu ya zo shawagi. Bai taɓa kiranta da sunanta ba.

"Nas, yau me aka koya a makaranta?" zai ce in ya shigo shan kofi. "Kin kai kan gyatsa? Madalla. In kin gama littafin ki naɗe shi mu kunna, mu ji ko zai yi caji."

Teburin aski dai ya bar mata. Amma lambun sama, inda manyan bishiyoyi tamanin suke tsaye, wasu sun fi mutum biyu tsawo, ya ce ƙafarta ba za ta taka ba. Wurinsa ne. Kowace safiya shi kaɗai yake hawa ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ko Cedar ba ya sa masa baki. A cikinsu akwai wadda ta fi duka girma, daga irin da yake adanawa shekara arba'in, wadda ya sa wa sunan matarsa marigayiya, Maybelle. Hanin nan ya ci wa Lorna rai ƙwarai. Ta bar garinta, ta bar kabarin mijinta, ta zo nan da niyyar zama har ƙarshen ranta, ga wani tsoho yana nuna mata cewa baƙuwa ce mai jiran mota.

Bishiyoyin lambun duk mata ne. Maza tun suna ƙanana ake tumɓuke su, don in ƙurar namiji ta sauka a kan fure sai ya cika da iri, wahalar shekara ta tashi a banza. Ba ta mai gonar kaɗai ba, iska tana kwasar ƙurar ta kai wa maƙwabta. Cedar ya taɓa gaya mata cewa wani lokaci mace da kanta takan fitar da abin namiji, ɗan siriri rawaya kamar ƙwayar shinkafa, a ɓoye cikin fure. Ayaba suke ce masa, bishiyar kuma mata-maza. Lorna ta rubuta, har da ɗan zane a gefe.

Wata safiya a tsakiyar Satumba Cedar da Gwen suka tafi garin Eureka sayen injin ban ruwa. Lorna tana kwashe kofuna ta ga ƙwayar hawan jinin Orval a kan tebur, kusa da guntun burodin kabewa da ya bari. Ta yi tsaki. Haninsa daban, hawan jini daban. Ta ɗauki ƙwayar da gorar ruwa ta kama hanyar sama, tana haki tana mita.

Ta kira shi daga bakin ƙofar shingen lambun, shiru. Ta hango hularsa can ƙarshen lambu. Sai ta tura ƙofar ta shiga abinta.

Maybelle ce ta farko a hannun dama, ba sai an gaya wa mutum ba. Lorna ta tsaya a gindinta, ƙanshi ya cika mata hanci. Ba ta yi niyyar taɓawa ba, wallahi ba ta yi ba. Amma hannun da ya shekara talatin yana buɗe gashin yara yana neman ƙwarƙwata bai san ya ga abu mai duhu ya wuce ba. Ta ɗaga reshe na ƙasa, ta buɗe furen da ke can ciki kusa da gangar jiki, inda rana ba ta kaiwa. Ta ga ɗan abu rawaya. Ta matsa gaba kaɗan, ta ga wasu biyu.

Ta zaro littafin daga aljihun rigar sanyi, ta dubi zanenta, ta dubi furen, ta sake duban zanen. In ta yi kuskure, tsohon nan zai yi mata dariya har ranar jana'izarta. In kuma ta yi daidai, Maybelle ce za a sare. Ta ji kamar ta ajiye ƙwayar a kan dutse ta sulale gida ba wanda ya sani. Sai ta tuna iskar teku da ke tasowa kullum da hantsi, ta bi ta lambun nan ta gangara gonar maƙwabciyarsu Birdie.

"Wa ya buɗe miki ƙofa?" Orval ne a bayanta.

"Ga maganinka, sha." Ta jira ya haɗiye tukuna. "Orval, Maybelle ta fitar da ayaba."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, Nas! Shafi na nawa ne wannan? Wata biyu da zuwanki har kin fara duba marasa lafiya?"

"Mata-maza ce. Guda uku na gani a reshen nan."

Dariyar ta ɗauke. "Ki iya bakinki. Shekara arba'in irin nan bai taɓa ba ni kunya ba. Yau da safe na duba ta da idona."

"To sake dubawa."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ya kai fuskarsa jikin reshen. Ya daɗe. "Babu komai," ya ce. "Gashin fure ne ya fara nuna. Koma kan almakashinki."

Lorna kuwa ba furen take kallo ba, shi take kallo. Inda ya kafa ido da inda abin yake akwai tazarar taƙi guda. Ya ɗago, hasken safiya ya faɗa masa a fuska, ta ga farin hazo kwance a ƙwayar idanunsa duka biyu. Yanar ido ce, ta nuna sosai. Haushin da ta kwana biyu tana tarawa ya zube, tausayi ya kama ta.

Ta jiƙa reshen da ruwan gorar don kada ƙura ta tashi. Sannan ta kama hannunsa kamar yadda take kama na yaro mai tsoron allura, ta ɗora ɗan yatsansa a wurin. "A hankali. Nan."

Yatsan ya tsaya. Ya shafa sau ɗaya, ya janye. Abin da ido ya kasa, hannun ya sani tun kafin a haifi Cedar.

"Sun buɗe?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Biyu a rufe suke. Ɗaya ta fara tsagewa."

Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Tun yaushe ka daina gani, Orval?"

"Bara. Bana ya ƙaru."

"To me kake yi a nan kowace safiya?"

"Ina zagayawa," ya ce. "Ina gaishe su." Ya share hanci da bayan hannu. "In Cedar ya sani zai karɓe lambun. Sai in zauna a baranda ina ƙirga kaji."

"Aikin minti ashirin ne a asibiti, tsohon banza mai taurin kai. Na ga an yi wa ɗari. Amma wannan zancen anjima ne. Iska ta kusa, me ake yi?"

Tambayar ce ta tashe shi. Ya miƙe ya fara ba da umarni kamar ba shi ne ya zauna a ƙasa yanzu ba. Ta jawo tiyo, suka yi wa Maybelle wanka tun daga sama har ƙasa sai da ruwa ke ɗiga a kowane ganye. Suka ɗauko babbar leda daga rumfa, ta kama gefe ya kama gefe, suka lulluɓe ta suka ɗaure bakin da igiya. Gangar jikin ta kai kaurin cinyar mutum. Ya ɗauko zarto, Lorna ta miƙa hannu za ta karɓa, ya hana.

"Ni na shuka ta," ya ce.

Ya yi ta ja yana hutawa, yana ja yana hutawa, ita tana tallafe da nauyin a kafaɗa. Da bishiyar ta kwanta bai dube ta ba. Ya zaro waya daga aljihu ya miƙa wa Lorna. A tsaunin nan ƙa'ida ce tun zamanin ɓoyo, duk wanda ƙura ta fito a gonarsa shi zai kira maƙwabta da bakinsa, komai kunyar abin.

"Nemo min Birdie, ba na ganin sunayen."

Ta nemo ta sa masa a kunne.

"Birdie, Orval ne. Na samu mata-maza a lambun sama. Eh, Maybelle. Mun jiƙa mun sare kafin iska, amma ki duba layinki na yamma." Ya saurara. "A'a, ba ni na gani ba. Uwar Gwen ce. Eh, ita dai, nas ɗin. Ke dai bari, Birdie. A cikin duhun reshe ta zaƙulo guda uku, ɗaya ko tsagewa ba ta gama ba. Ni da ke da Cedar mu haɗu ba mu kai ta ido ba."

Lorna ta juya baya tana naɗe tiyo don kada ya ji yadda numfashinta ya canja. An ba ta lambar yabo a makaranta da ta yi ritaya, da kek da jawabi, amma ba ta ji kanta ya yi girma irin na yau ba. Daɗi ya cika ta har wuya, a gonar wiwi, ita Lorna Tibbets. Da mijinta yana raye da ya yi dariya har ya shaƙe.

Saura bishiya saba'in da tara, kuma ba wanda ya duba su da ido mai gani tun bara. Ba ta nemi izini ba. Ta naɗe hannun riga ta shiga layin farko, Orval yana biye da ita da bokitin ruwa.

Rana ta take tsaka motar Cedar ta tsaya a ƙasa. Ya hau da gudu, Gwen a bayansa, ya ga kututture da ƙatuwar leda a kwance, ya dafe kai.

"Baba! Maybelle? Me ya faru?"

Lorna ta leƙo daga cikin ganye, ta buɗe baki za ta ce tare suka gani. Orval ya riga ta.

"Ayaba ta fitar, ni kuma na wuce ta da safe ban gani ba. Ba na gani, Cedar. Shekara guda ke nan ina yi muku ƙarya." Ya ajiye bokitin. "Surukarka ce ta ceci lambun nan, da na Birdie. Ranar Litinin za ka kai ni asibiti, ta ce minti ashirin ne."

Cedar ya dubi ubansa, ya dubi inda ganye ke motsi. Gwen ta fara share hawaye.

"Kuka kuka zo yi ko aiki?" Muryar Lorna ta fito daga tsakiyar lambu. "Layi uku na farko lafiya lau. Na huɗu sun fi ƙarfin tsawona, wani ya kawo min tsani."