Zobban Tattabarun Royston

Ranar Lahadi ta biyu bayan guguwar Nuwamba, Glenda Larter ta sauka bakin teku da na'urarta tun ruwa bai gama ja ba. Shekara tara ke nan tana wannan yawo, tun da ta ajiye aikin girki a makarantar firamare ta Marlsey. Kullum ita da ƙawarta Pauline ne, kowacce da na'urar gano ƙarfe, da ƙaramin shebur, da jaka a ƙugu. Pauline ta taɓa tono wani maɗaurin mayafi na tagulla wanda yanzu yake gidan tarihi a birnin Norwich, har da sunanta a jikin kati. Glenda kuwa abin kirkinta bai wuce tsofaffin kwabbai huɗu da maɓallin rigar soja ba. Sauran duk murafen kwalba ne da ƙusoshi.

"Ke dai ki haƙura ki buɗe shagon gwangwan," Pauline takan ce mata.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Glenda.

Amma ran nan babu wadda ta tsokani wata, don a ƙarƙashin doguwar gaɓar da gidan su Glenda yake kai suke tsaye. Guguwar ta ci gaɓar teku taku goma sha biyu a tashi ɗaya. Lambun gidan gaba ɗaya ya zubo kan yashi, ya zama tsibi-tsibin laka, ga itatuwan shinge a karye, ga bishiyar tuffa saiwarta na kallon sama. Shi kansa gidan ƙaramar hukuma ta turo katafila ranar Alhamis ta rushe shi, kafin teku ya riga ta.

A gidan aka haife su, ita da yayanta Royston. Ita ta yi aure ta koma cikin gari, shi kuwa bai taɓa kwana wata guda a wani wuri ba, ga shi da shekara saba'in da huɗu. Bai yi aure ba. Tun yana ɗan sha huɗu ya kama kiwon tattabarun tsere, irin waɗanda ake ɗauka a mota a kai su wata uwa duniya a saki, a ga na wa za su riga dawowa gida. Yanzu an ba shi ɗaki a gidan tsofaffi na cikin gari, inda ko kyanwa ba a yarda a ajiye ba. Glenda ma a saman shagon mai soya kifi take haya, ba ta da ko taƙin fili. Tattabarun guda talatin da ɗaya sai wani abokin kiwonsa, Clive Bullimore, ya kwashe su zuwa ƙauyensu, mil goma sha biyar daga bakin teku.

Ba ta yi taku biyar a kan lakar ba na'urar ta yi mata ƙara a kunne, siririyar ƙara mai kaifi. Ta durƙusa ta tona. Wani ɗan zobe ne na farin ƙarfe marar nauyi, ko ƙaramin yatsanta ba zai shiga ba. Duk mai wannan yawo ya san zoben ƙafar tattabara, shara ce, a jakar tarkace ake jefa shi. Ta jefa. Ta ɗaga na'urar, ta sake yin ƙara. Wani zoben. Kafin ta miƙe tsaye ta tono shida a wurin da bai fi faɗin tabarma ba.

"Me kike ta tonawa haka?" Pauline ta ƙwala mata daga can.

Glenda ta juya zoben a tafinta. Ta tuna bayan ɗakin tattabarun, gindin bishiyar tuffar nan. Duk tsuntsun da ya mutu a hannun Royston, can yake binne shi da zobensa a ƙafa. Babansu ya sha yi masa faɗa, yana cewa mutane cire zoben suke yi su jefa gawar a bola, shi ya mai da lambun mutane maƙabarta.

Ta zazzage jakar tarkacen ta tsince na farkon, ta goge shi da bakin rigarta.

Da yamma ta same shi zaune a bakin gado da rigar sanyinsa a jiki, kamar baƙon da ke jiran a sallame shi. Kwalayen kayansa na nan yadda aka sauke su. Tun da aka kawo shi, maganarsa ba ta wuce i da a'a ba.

"Yaya, ka ci wani abu?"

"Na ci."

"Ƙarya kake yi, ga farantin nan ko taɓa shi ba ka yi ba."

Ta shimfiɗa jarida a kan tebur ta juye zobban, guda goma sha huɗu. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau. Ya ɗaga ɗaya saitin taga. A jikin kowane akwai shekarar ƙyanƙyasa, sai lamba.

"Sittin da takwas," ya ce. "Wannan Barney ne. Shi ne ya dawo daga Faransa da ƙirji a tsage, Inna ta ɗinke shi da zaren ɗinkin labule. Kin tuna?"

"Ina riƙe da fitila."

"Kina riƙe da fitila kina kuka kina ɗiga mana majina."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan maƙetaciya ce, ta fasa ƙwan kowa. Wannan rago ne, sai ya sauka a kan rufin coci ya huta ana ganinsa, Royston na ƙasa yana kaɗa gwangwanin tsaba kamar mahaukaci. Biyu ne kawai bai gane ba, don gishiri ya cinye lambar. Shayin da ta haɗa masa har ya huce.

"Nawa ka binne a wurin, Yaya?"

"Ɗari biyu da goma sha ɗaya."

"To ni sha huɗu na samo."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Ashe da sauran aiki, Auta."

Daga ranar ta daina bin Pauline gonaki. Duk lokacin da ruwa ya ja tana ƙarƙashin gaɓar, don ta san kowace cikar ruwa tana wanke lakar ta tafi da rabonta.

Ana saura mako biyu Kirsimeti Clive ya bugo waya. Ya ce ya tsare tsuntsayen wata guda cur kafin ya buɗe musu. Ƙananan sun yi shawagi sun dawo. Manyan, guda goma sha ɗaya, sun tashi sama sun miƙe gabas, ko waiwaye ba su yi ba.

Royston ya san inda suka nufa. Ya ɗauki hularsa, shi da Glenda suka hau bas ɗin Marlsey, inda gidansu yake a da.

Tun daga bakin layin gidan suka hango su. Suna kewaya wuri ɗaya, can gaba da bakin gaɓar, daidai inda ɗakinsu yake a da. Yanzu babu komai a wurin sai iska, da teku a ƙasa. Sai su yi ƙasa-ƙasa, su saki ƙafafu za su sauka, su ji babu abin takawa, su sake bugun fiffike su tashi. Su kewayo, su sake. Glenda ta ƙirga sau tara, sannan ta kau da kai.

Royston ya ciro gwangwanin tsaba daga aljihun rigarsa. Ita ba ta ma san ya taho da shi ba. Ya kaɗa, ya yi ɗan feɗuwar da yake musu tun tana yarinya. Suka juyo gaba ɗaya suka sauka a kan ɓaraguzan ɗakin girki, wata shuɗiya ta hau kafaɗarsa.

"Doris," ya ce da ita, "ke da girmanki kike jan yara yawon banza?"

Sau biyu yana kama su a kwando ana mai da su wurin Clive, sau biyu suna dawowa. A karo na uku Clive ya zo da kansa, ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Roy, kai ma ka sani, ba ni zan gaya maka ba. Tsohon tsuntsu ba ya sake gida. Ko dai in kulle su har su mutu, ko kuma ka bar ni in murɗe musu wuya kamar yadda ake yi."

"Tsuntsuwar da ta taso tun daga tsibirin Shetland ta kwana a hanya ta iso gida, ita za ka kulle a akwati kamar zomo?"

"To ya kake so a yi?"

"A bar su."

Ya roƙi ƙyauren wani tsohon kabad a wurin maƙwabta, ya haɗa musu ɗan akurki a jikin ragowar shingen. Kullum da safe yana cikin bas ɗin takwas da minti goma, da gwangwaninsa da kwalbar ruwa. Direban har ya daina tambayarsa katin tsofaffi. Glenda na bin sa kwana uku a mako. Shi yana sama wurin masu rai, ita tana ƙasa tana tono matattu. A hanyar dawowa sai ya miƙo hannu, ta zuba masa abin da ta samu, ya yi ta karanta mata har su iso gari. Ta lura ya fara cin abinci. Ya ma buɗe kwali biyu.

Sai dai akurkin ba ɗaki ba ne. Akwai shaho a hasumiyar coci, akwai kyanwoyin da mutanen da suka tashi daga layin suka bari, ga sanyi. Sha ɗaya suka koma tara, tara suka koma shida. Bai taɓa ce mata yau babu wane ba. A yawan tsabar da yake ɗebowa take ganewa.

Wata Laraba cikin Janairu Pauline ta biyo su, wai ta gaji da yawo ita kaɗai babu wanda za ta zaga. Wajen ƙarfe sha ɗaya na'urar Glenda ta yi ƙara a kan yashi tsabtatacce, nesa da lakar. Ba ta ko sa shebur ba, da yatsa ta share. Zoben na ƙyalli, lambarsa raɗau, kuma yana jikin ƙafa. 'Yar ƙafa ja, yatsun a dunƙule, da ɗan shuɗin gashi a sama inda aka fizge ta.

Pauline ta leƙo ta kafaɗarta. Ta ce, "Kar ki nuna masa, ƙawata. Jefa ta ruwa. Bari ya ɗauka ɓata ta yi."

Glenda ta naɗe ta a hankici ta sa a aljihun ƙirji, ba a jaka ba.

A cikin bas ya miƙo hannu kamar kullum. Ta zuba masa uku. Ya juya su a tafinsa, bai ɗauko tabarau ba.

"Ba ni ɗayan."

"Wane ɗayan? Su ke nan."

"Auta, ina sama ina kallonki. Kin fi minti biyar a durƙushe ba ki tona komai ba."

Ta ciro hankicin. Ya buɗe a kan gwiwarsa, ya sa babban yatsa yana miƙar da 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna sake dunƙulewa.

"Doris ce. Tun Litinin ban gan ta ba," ya ce. "Shekararta sha biyu. A tafin hannuna ta fasa ƙwai, don uwar ta gudu ta bar shi." Ya shafa zoben da yatsa. "Da na bar Clive ya kulle ta, da yanzu tana nan tana cin wake."

"Da tana nan tana zaginka."

Ya ɗan yi kamar zai yi dariya, sai kafaɗunsa suka kama rawa. Ta riƙe masa hannu. Wata mata a kujerar gaba ta waiwayo, ta ga tsoho na kuka a kan ƙafar tsuntsu, ta yi maza ta mai da kanta.

Ƙarshen watan wata guguwar ta tafi da shingen da akurkin. Ƙaramar hukuma ta gitta waya a bakin layin, bas ya daina shiga. Tsuntsaye uku ne suka rage. Royston da kansa ya buga wa Clive waya ya ce ya zo da kwando, ya kuma sa kwaɗo. Shi ya kama su ya miƙa, amma bai taɓa zuwa ganinsu ba, duk da Clive ya yi ta cewa zai zo ya ɗauke shi a mota.

Glenda ta ci gaba da sauka har cikin Maris, lokacin da teku ya dawo da yashi ya binne ragowar lakar. Sittin da uku ta samu duka-duka. Na ƙarshen da ta kai masa, bai miƙo hannu ba. Ya ce ta sa a aljihun tebur tare da sauran.

Sanyin da ya sha a bakin gaɓa ya sauka masa a ƙirji, ya yi kwana goma sha biyu a asibiti. Ran da ta dawo da shi ta zaunar da shi a kujera kusa da taga, don rana ta fito. Ta shiga haɗa shayi, da ta fito ta tarar wasu tattabarun gari guda biyu, baƙaƙe masu datti, sun sauka a dakalin tagar suna leƙen ciki. Yana zaune ya sunkuyar da kai, hannayensa a tsakanin cinyoyi.

"Yaya, ka yi baƙi," ta ce. "In murmusa musu burodi?"

"An hana," ya ce. "Ja min labulen nan, Auta."