Ƙarangiya a Bakin Raga

Malama Rakiya ta tsaya cak a bakin ragar yamma, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta dubi safarta. Sammani yana can tsakiyar fili yana tura injin aske ciyawa, amma ya ga tsayuwar, ya kuma ga yadda ta sa yatsu biyu ta ciro wani abu ta kai kusa da ido. Ya kashe injin tun kafin ta kira shi.

"Baba Sammani, zo ka gani."

Ba sai ya gani ba. Mutumin da ya shekara talatin yana noma ba a nuna masa ƙarangiya. Duk da haka ya je, ya karɓi 'yar ƙayar a tafin hannunsa yana jujjuya ta, kamar yau ya fara ganin irinta.

"A filin ƙwallo," in ji ta. "Yau, da ƙarfe huɗu masu dubawa za su zo. Daga ina ta hito?"

Filin na Alhaji Almu ne, wani ɗan kasuwa da ya buɗe makarantar horar da 'yan ƙwallo a bayan Ƙofar Guga, yana neman a amince a riƙa buga wasannin gasa a wurinsa. Rakiya ya ɗauko, wadda ta karanci aikin gona, ya damƙa mata ciyawar. Shi kuwa Sammani gwaji aka ɗauke shi na wata uku, tare da ɗaki guda a bayan katanga inda matarsa Hajo da yaransu huɗu suke kwana tun da 'yan bindiga suka raba su da ƙauyensu. Wata ukun yau suke cika. Alhaji ya faɗa da bakinsa cewa idan fili ya faɗi a wurin masu dubawa, duk wanda ya jawo sai ya kwashe kayansa.

Aikin tun farko bai zauna wa Sammani a kai ba. Ciyawar da aka shuka a filin kirikiri ce, ita ɗin dai da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tumɓukewa a gonar gero yana tsine mata. Yanzu ga shi ana biyansa ya ba ta ruwa da asuba, ya yi mata aski, ya huda mata ƙasa da ƙaton cokali mai yatsu na lambu don ta sha iska. Ya koya dai. Ya san ba a ban ruwa da tsakar rana, ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye, kuma taki auna shi ake yi a watsa bai ɗaya, ba a zuba shi gindi-gindi kamar na masara. Abin da ya kasa koyo shi ne haƙurin ganin shuka tana rama ya zuba mata ido.

Sati bakwai da suka wuce bakin ragar nan ya yi rawaya, ya yi sanƙo inda mai tsaron gida yake taka. Rakiya ta ce a huda, a zuba yashi, a jira. Ta tafi Zariya wani kwas na mako guda. Sammani ya jira kwana biyu, a na uku ya je gidan wani mai kiwon tumaki ya sharo takin turke buhu uku, ya baje a wurin, ya bi da yashi ya rufe. Ciyawa ta yi kore shar. Da Rakiya ta dawo ta yaba wa yashi, shi kuma ya yi murmushin manomi.

Yanzu tana kallonsa, murmushin kuwa babu shi.

"Malama," ya ce. "Ni na sa taki. Na tumaki. Sadda kika tahi."

"Wane taki? Ruɓaɓɓe?"

"Daga turke na sharo shi."

Ta rufe ido. "Da ragowar ciyawar dajin da suke ci. Baba, iri ka shuka mani. Da hannunka ka shuka mani ƙarangiya a inda yara za su riƙa faɗuwa da ƙirji."

"Na ga tana mutuwa ne."

"Ba mutuwa take ba! Na ce maka a jira!"

Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Sa'ar ƙanwarsa ta uku ce, kullum da Baba take kiransa. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ko a sauke wuƙar inji ƙasa a aske wurin ƙwal. Ta ce a watsa ƙayar ko'ina kenan, a kuma bar ƙasa tsirara. Maganin feshi fa? Sati biyu kafin ya ci, kuma sai wurin ya yi ja.

"In suka samu ko ɗaya, Alhaji zai tambaye ni," ta ce. "Ni kuma ba ni yi mashi ƙarya."

Ta durƙusa ta fara laluben ciyawar. Bayan aski, ƙarangiya ta kwanta ta saje da kirikiri, sai wanda ya sani. Ta ciro tushe biyu, ɗaya daga ciki ma kirikiri ce.

Sammani ya cire takalmansa.

"Mi za ka yi?"

"Ido na ɓata lokaci, Malama. Ƙahwa ta san ta."

Ya sa aka ɗaure igiya daga turken raga zuwa layin gidan sha takwas, ya riƙa bin ta a hankali, taku bayan taku, kamar mai bin kunya a gona. Inda ƙafa ta ji tsini sai ya tsuguna, ya nemo gindin, mai ɗan ja-ja, ya sa wuƙa ya tono shi da saiwarsa. Rakiya tana biye da buhu da bokitin yashi tana cike ramukan. In suka kai ƙarshe sai su matsar da igiyar taku ɗaya su juyo. Rana ta take, gajimaren ƙarshen damina ya taru ya watse bai tsinana komai ba.

Da azahar Hajo ta leƙo da kwanon ɗanwake, ta ga ba wanda ya dube shi. Ta tsaya ta fahimci abin da ake ciki, ta koma ɗaki, sai ga ta da bargonsu, shi kaɗai ne suka fito da shi daga ƙauye. Ta jiƙa shi a famfo, ta kama gefe ɗaya ta miƙa wa Rakiya ɗayan.

"Waɗanda suka zube ƙasa ba su jin wuƙa. Ja mu je."

Suka ja shi a kan ciyawar sau shida. Da suka juya shi, ƙaya ta manne masa ba masaka tsinke. Hajo ta naɗe shi ta wuce, ko kallon mijinta ba ta yi ba, kuma wannan ya fi masa zafi da faɗan Malama.

Saura layi biyu na igiya aka ji ƙarar motoci a bakin ƙofa. Ƙarfe uku da rabi ne. Su da ba su taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, yau sun zo da wuri. Rakiya ta warce igiyar ta cusa a buhu, Sammani ya jefa buhun bayan katanga.

Mutum uku ne tare da Alhaji Almu. Babbansu wani dattijo ne siriri, Malam Sagir, tsohon alƙalin wasa, mai tafiya yana kallon ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da ruwan bana. Suka auna layuka, suka girgiza turakun raga. Malam Sagir ya buga ƙwallo ya bi ta da ido, ya tsuguna ya danna ƙasa da babban yatsa, ya tambayi Rakiya tsawon askin, ta ba shi amsa. Dukkansu da takalma suke. Sammani ya fara jin numfashinsa yana dawowa.

Sai aka kira la'asar daga cikin gari.

"Alhaji, ina masallacinku?"

"Ba a ƙarasa ba tukuna. Bari a kawo tabarmi."

"Tabarmar mi?" in ji Malam Sagir yana dariya. "Ga shimfiɗa. Mu ji ta da goshinmu mana."

Inuwar darbejiyar da ke bayan katanga ta sauko daidai bakin ragar yamma. Nan suka nufa bayan sun yi alwala a tiyo, takalma a hannu. Rakiya ta tsaya can gefen layi, ta riƙe littafinta da hannu biyu.

Aka tura Malam Sagir gaba. Ana daidaita sahu Sammani ya hango ƙarangiya: tushe guda a kwance, da zangarniya uku cike da ƙaya, a cikin layin da ba su kai ba. Taku ɗaya ya rage Alhaji Almu ya ɗora ƙafa a kai.

Sammani ya kutsa tsakaninsa da baƙon da ke gefensa, har kafaɗarsa ta ture babbar rigar Alhaji. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai, lafiya? Sahun ya ƙare ne?"

"Ranka shi daɗe, a gahwarce ni."

Liman ya kabbarta. Tafin ƙafar manomi ba ya jin ƙarangiya sosai, tsayuwa ba ta dame shi ba. A sujada ne ta shiga tsakanin yatsu. Da aka zauna tahiya ya kwantar da bayan ƙafarsa ta hagu a kanta ya ɗora nauyinsa duka, ƙayar ta nutse a inda fata ba ta da kauri. Gumi ya bi ta bayan kunnensa. Tsoro yake ji, ba na zafin ba, na kada ya motsa ƙaya ɗaya ta gangara gefen Alhaji. Raka'a huɗu, bai san abin da ya karanta ba; ya dai roƙi Allah gafarar wannan sallar tun yana cikinta.

Aka sallame. Malam Sagir ya shafa ciyawar gabansa da tafin hannu.

"Ma sha Allah. Ko kafet albarka."

Aka tashi ana neman takalma. Sammani bai tashi ba. Ya ɗaga hannuwa sama ya ci gaba da motsa baki, har suka kai bakin mota, har aka sa hannu a takarda a kan bonet.

Alhaji ya waiwayo ya hango shi. "Malama, wannan mutumin naki akwai ibada, sai dai ba ladabin sahu. Wata ukunsa sun cika. Ya iya aikin?"

Rakiya ta dubi inda yake zaune.

"Bai iya ba tukuna, Alhaji. Akwai maganar da zan yi maka gobe a ofis, laifinsa da nawa. Amma a bar mani shi."

"Ke kika sani," in ji Alhaji, ya shiga mota.

Sai da ƙarar motocin ta ɓace ta tako zuwa bakin raga, ta ajiye wuƙar tonon a gabansa.

"Sun tahi, Baba. Shafa addu'ar haka nan."

Ya shafa. Ya ɗaga ƙafar a hankali da hannu biyu, ya ajiye ta gefe, jini yana tsattsafowa ta wuri goma. Ya ɗauki wuƙar ya tone tushen da saiwarsa, ya tsince ƙayoyin da suka zube ɗaya bayan ɗaya, ya cike ramin da yashi. Sannan ya zauna ya fara duba ƙafarsa.