Muryar Auta

A ofis Layi-Goma ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Duk wanda ya kawo masa kuka, ko tarin fayil ne ake so a sauya wa suna, ko alƙaluma ne suka cakuɗe, sai ya gyara zama ya ce, "Wannan ai aikin layi goma ne." Ya ƙwanƙwasa ɗan firogiram mai 'yan layuka da yaren kwamfuta na Python, kafin shayin mai kukan ya huce an gama. Ya iya, wannan ba a ƙwace masa. Sai dai yabo ya yi masa yawa, har ya kai ba ya iya ganin abu a hargitse ya wuce bai taɓa ba.

A gida ba wanda ya san wannan suna. Babba mahaifiyarsa take ce masa, don su biyu ta haifa, shi da Auta. Auta direban babbar mota ne, sarkin surutu, wanda in ya shigo gida sai maƙwabta sun sani. Hanyoyin da yake bi ba ko'ina ake samun sabis ba, shi ya sa in zai yi doguwar tafiya yakan ɗauki wayar Mama ya naɗa mata magana, ta riƙa saurare in kewa ta taso. Tafiyarsa ta ƙarshe bai dawo da ƙafarsa ba.

Tun daga nan wayar ta zama abokiyar hirar Mama. Da batirin ya kumbura har murfin ya ɗage, Babba ya yi maza ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a kwamfutarsa, cikin folda mai suna "Mama". Ba a jima ba wayar ta mutu murus, mai gyara ya ce ba ta tashi. Babba bai taɓa buɗe muryoyin ya saurara ba. Ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Ya saya mata sabuwa. Ta juya ta, ta shafa gilashin da gefen zanenta, ta miƙa masa.

"Sa mini Auta a ciki," ta ce.

"Yanzu kuwa, Mama."

Aikin kwafe fayil uku ne, yaro ma zai yi. Amma da ya buɗe kwamfutar sai ya ga folda a kan folda, ta Mama, tasa mai suna "Nawa", hotuna da sauti duk a cakuɗe kamar kayan gwanjo. Hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya ce bari ya tattara duk sauti wuri guda tukuna. Kwamfutar ta kusa cika, don haka bai ce wa firogiram ɗin ya kwafa ba, ya ce ya ɗauke ya mayar. Shi ne fa mai yi wa sababbin ma'aikata huɗuba kullum, a gwada a kan kwafi kafin a taɓa na gaske. Ranar, da yake gida ne, bai gwada ba.

Firogiram ɗin ya gama ko tari bai yi ba. Babba ya sa abin ji a kunne, ya daure ya danna "Rikodi 1", yana jiran muryar da ya daɗe yana gudu. Sai ya ji kansa yana cewa, "Gwaji, gwaji. Ana ji na?"

Ya danna na biyu, shi ne, yana bitar jawabin wani taro. Na uku ma shi ne. Kafin ya sake duba layukan firogiram ɗin ya riga ya gane. Wayarsa da tsohuwar wayar Mama kamfani ɗaya ne, suna ɗaya suke raɗa wa abin da aka naɗa. Firogiram ɗin ya fara da foldar "Mama", ya zo kan "Nawa", ya tarar da suna iri ɗaya, ya ɗora sabo a kan tsoho. Kwamfuta ba ta tambaya sai an ce ta tambaya. Garin neman gira an rasa ido.

"Ka sa?" Mama ta tambaya daga falo.

"Gobe, Mama. Akwai ɗan abin da ya tsaya."

Ya kai kwamfutar wajen abokiyar aikinsa da ake kira Madam Kwafi, wadda ko hoton katin biki sai ta ajiye shi wuri uku, kuma kullum yana tsokanarta a kan haka. Ta cire faifan ajiyar kwamfutar, ta haɗa da tata na'urar, ta yini tana tono. Da yamma ta zare tabarau ta ajiye.

"Irin wannan sabon faifan ba ya ajiye shara," ta ce. "Ana sakin wuri yake sharewa. Ba ka da shi a wani wajen?"

Ya girgiza kai. Ya so ta rama tsokanar, ta ce ai ta sha faɗa masa, ko ya samu abin jin haushi. Ba ta rama ba. Cewa ta yi Allah ya ji ƙan ƙaninsa, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo.

Ya koma teburinsa ya buɗe firogiram ɗin, ya ƙara abin da ya rasa: in ka tarar da suna iri ɗaya, tsaya ka tambaya. Ko minti bai ci ba. Ihu bayan hari.

Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben, har Mama ta gaji. Wata safiya yana ɗaura takalmi ta shigo ɗakinsa, wanda ba ta cika shiga ba, ta zauna a bakin gado da sabuwar wayar a cinya.

"In ba ta shiga nan, kunna mini a kwamfutarka. Na kwana biyu ban ji shi ba."

Ya jawo kwamfutar ya danna. "Gwaji, gwaji. Ana ji na?" Mutane kan ce muryarsu ɗaya da Auta, a waya har dangi na ruɗewa, kuma wani lungu na zuciyarsa ya yi fatan ita ma ta ruɗe.

"Wannan ai kai ne," ta ce. "Ina shi?"

Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, ba folda ba firogiram, da kalmomin da za ta gane. Ya ɗora tasa muryar a kan ta Auta, ta Auta ta tafi, ba ta dawowa.

Mama ta daɗe tana kallon wayar da ke cinyarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai tsufa a gabansa, yana gani.

"Kai ka taɓa sauraron su?"

"A'a, Mama. Na kasa."

"To. Wannan ma tana ɗaukar magana?"

Ya ce tana ɗauka. Ya karɓa ya kunna, ya riƙe mata kusa da baki. Ta rufe ido ta gyara murya, ta fara, har da yadda Auta ke jan kalma.

"Tsohuwa, kin tashi? Ni ne ɗanki mai kyau, ba wancan mai tabarau ba. Ki sha maganinki, kar ki ɓoye a ƙarƙashin filo, na san halinki. Ki ce wa Yaya ya riƙa ɗaga kai daga kwamfutar nan yana kallon mutane. In na dawo..."

Ta tsaya. Babba ya jira, hawaye na sauka a kan rigar aikinsa, wayar na ci gaba da ɗauka.

"Nan dariya yake yi," ta ce. "Ita ce ban iya ba."