Sunan Baftismar Gimbiya Irina

"Fada, dakata," in ji Gimbiya Irina, ta zaro hannu daga cikin bargo.

Fada Ilarie, limamin cocinmu, ya katse addu'a, man shafe mara lafiya na hannunsa. Mu uku ne a kanta: shi, da ni Veturia maƙwabciyarta ta bene na ƙasa, da tsoho Tanase, wanda ya ƙare aikinsa a tashar jiragen ruwan garinmu, Braila.

Duk layinmu an san Irina a matsayin jikar wani basaraken Rasha, wai cikin kwandon wanki aka gudo da uwarta. Da wannan labari ta ci ta sha. Baƙi su zo su sumbaci hannunta, ta maƙala musu lambar girma ta gwangwani, su ajiye abin da ya sawwaƙa. Tanase kuwa ya gaskata har zuci, rabin fanshonsa a gidanta yake ƙarewa. Ni dai tun ranar da na ga yadda take feɗe kifi na ja bakina na yi shiru. Ina son ta, har da ƙaryar tata.

"Wane suna ka ambata?" ta tambaya.

"Baiwar Allah Irina."

"To wa ke nan za a yafe wa? Ba a san wannan a can ba."

A cocinmu da sunan baftisma ake roƙa wa mutum gafara. Ta dubi Tanase.

"Tanase, je ka ɗebo min ruwa."

"Ga shi nan a kofi, ranki ya daɗe."

"Kai dai ba ka taɓa tafiya lokacin da ya kamata ba." Ta rufe ido. "Sunana Safta, Fada. Safta 'yar Gligore masunci, daga ƙauyen Gropeni. Uwata wanki take yi wa mutane. Kwandon dai gaskiya ne."

Tanase ya miƙe a hankali, ya ɗauki hularsa. Tana jin takunsa a kan matakala har ƙofar waje ta rufe. Tausayinsu ya kama ni su biyun.

"Ci gaba, Fada," ta ce.

Washegari da hantsi ta cika. Tanase bai zo jana'iza ba.

Ranar sadakar arba'in na dafa alkama da gyaɗa da zuma kamar yadda ake yi, na zuba a tire, na lulluɓe ta da garin sukari. Saura harafin farko na sunan mamaciya da ake zanawa a kai da garin cakulan. Ina tsaye da cokali sai ga Tanase a bakin ƙofa, ya rame, rigarsa duk ta yamutse.

"Wanne za ki sa?"

"Wanda ta faɗa."

Ya daɗe yana kallon tiren.

"Ɓatawa za ki yi, Veturia. Kawo nan."

Ya ajiye hularsa a kan kujera, ya sunkuya. A hankali ya fara lanƙwasa S a kan farin sukarin.